Kashin ƙarfe ba tsakuwa ba ne: kurakuran da ake yi wajen ajiye shi don siminti

Na gaji da ganin sababbin ma'aikata suna juye kashin ƙarfe, wato ragowar da ke fita daga tanderu idan an narka ƙarfe, a fili kamar tsakuwar gini, ko'ina tifa ta tsaya nan ne ma'ajiya.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne haɗa iri biyu wuri ɗaya. Akwai wanda ke fitowa daga babban tanderun narka tama, a watsa masa ruwa da zafinsa ya farfashe ya koma kamar yashi mai ƙyallin gilashi. Shi ne abokin kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa a yi siminti, har ma'aunin siminti na Turai, EN 197-1, ya yarda nau'in simintin da ake kira CEM III/A ya ɗauki kashi 36 zuwa 65 cikin 100 nasa. Akwai kuma na tanderun tace ƙarfe, mai duhu da nauyi, wanda kan zo da ɗanyar farar ƙasa a cikinsa. Ita kuwa da ta sha ruwa sai ta kumbura kusan ninki biyu. Na farko ruwa da daɗewa suna ɓata shi, na biyu kuwa sai da su yake gyaruwa.

Ni da kaina na taɓa karɓar na biyun don araha, na sa aka zube shi gefen tulin mai kyau. Direban loda bai san bambanci ba, ya riƙa kwasa duka. Bayan damina daɓen da aka yi da kayanmu ya tsattsage, ya yi ƙuraje kamar mai ƙyanda. Na sha kunya, albashina ma ya ji a jikinsa. Kuma ku tuna, babban tanderun kamfanin ƙarfe na Ajaokuta ba a taɓa hura shi ba. Duk dillalin da ya kawo muku na gida ya ce mai gilashin ne, ku tambaye shi daga wane tanderu. Galibi na masu narka tsofaffin ƙarafa ne, kowane da halinsa.

Yanzu katanga nake sawa tsakanin iri biyun. Na tace ƙarfen nakan baje shi kada ya wuce tsayina, a jiƙa, a juya. Wasu wata shida suke ba shi, ni sai damina guda ta wuce a kansa, sannan a yi gwajin Le Chatelier na auna kumburin siminti, kumburi kada ya haura milimita 10. Ko ya ci wannan ban saki jiki ba, domin magnesiya, wani sinadarin da ke ciki, ta fi farar ƙasa jinkirin kumbura, sai an gwada da tukunyar tururi.

Kuskure na biyu, barin mai gilashin ya shekara a waje. Haba jama'a! Abin nan siminti ne mai barci. Danshi da zafi da nauyin tuli sukan sa ya kama kansa, ya yi ɓawon da sai katafila ta fasa, ku sake biyan kuɗin farfasawa da busarwa. Amma kullum sai in ga ana kwasar sabon da ke bakin hanya don ya fi sauƙi, tsohon yana can baya yana zama dutse. Ka fara da wanda ya riga zuwa, ka kafa allo da kwanan wata a kowane tuli, ka hana manyan motoci hawa kansa. Ƙasa a yi mata kankare mai gangara, sama rumfa in da hali.

Wanda aka riga aka niƙa, danshinsa kada ya wuce kashi 1 cikin 100, in ba haka ba ya dunƙule a rumbu. A sa maganaɗisu kafin injin niƙa saboda guntayen ƙarfe. Da hunturu a yayyafa ruwa kaɗan don ƙura.

Ruwan da ke tsatsowa daga gindin tuli kuma, wani lokaci rawaya-rawaya mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana da kaifi kamar ruwan toka. Ku haƙa masa rami mai daɓe ya taru a ciki, nesa da rijiyar mutane da inda dabbobi ke sha.