Yadda Ake Musayar Littattafan Manga na Soyayya da Almara

Manga labarai ne na zane daga Japan, kuma ana karanta su daga dama zuwa hagu, don haka a sanar da sabon makaranci kafin ya buɗe shafin farko. Tunda labarin soyayya mai cike da sihiri yakan zo a juzu'i da yawa, wajibi ne a rubuta sunan wanda ya karɓi kowane juzu'i da ranar da zai mayar da shi, domin ɓatan guda ɗaya yana tsinke labarin ga kowa. A guji naɗe shafi ko jiƙa bango. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne kada wanda ya riga ya karanta ya bayyana wa na bayansa ko masoyan sun haɗu a ƙarshe.