Yadda Ake Haya da Zaɓen Kyamarar Fim ta Gwanjo Don Koyon Ɗaukar Hoto

Duk wanda ya ce min zai sayi kyamarar fim, nakan ce masa ya dakata ya fara da haya ko aro. Yawancin kyamarorin nan sun haura shekara talatin, wasu sun doshi hamsin, kuma lafiyarsu ba ta bayyana a ido sai an wanke fim na farko.

Da farko ka tabbatar akwai inda za ka sami fim da inda za a wanke maka. Wuraren wankin sun yi ƙaranci sosai, to ka yi cigiya tun kafin ka kashe ko sisi. Fim mai launi irin Kodak Gold 200 ana wanke shi da tsarin magunguna da ake kira C-41, shi kuwa baƙi da fari irin Ilford HP5 maganinsa daban ne, har a gida ana iya wanke shi idan an koya.

Sai neman kyamarar. Inda na fi so shi ne wajen tsofaffin masu hoto, waɗanda suka yi zamanin hoton sallah da na biki kafin waya ta karɓe sana'ar. Da yawansu na da kyamara naɗe a ƙyalle cikin durowa. Ka je da ladabi, ka gaida shi, ka ce, "Baba, koyo nake so." Ku yi ciniki a fili: kwana nawa, nawa ne kuɗin haya, me za ka ajiye jingina, kuma idan ta lalace a hannunka wa zai biya gyara. Ka ɗauki hotonta ta ko'ina da wayarka a gabansa. Mako guda ya isa ka cinye fim ɗaya mai hoto 36.

Wace iri za ka zaɓa? Ni Pentax K1000 nake sa wa mai koyo a gaba. An ƙera ta daga 1976 zuwa 1997, kuma batir ɗinta na ma'aunin haske ne kawai, wato abin da ke auna ƙarfin hasken wuri, ko ya mutu za ta ci gaba da ɗauka. Nikon FM2 ta 1982 ma haka take, sai dai ta fi tsada. Canon AE-1 ta yi suna, amma ba ta motsi sai da batir. Olympus OM-1 ƙarama ce mai daɗin riƙo, matsalarta batir ɗin da aka yi ta da shi an daina yin sa. Gilashin gaban kyamara, wato lens, mai 50mm ya ishe ka, kada ka rikita kanka da mai zuƙowa.

Wajen dubawa ne ake so ka zauna ka nutsu. Buɗe murfin baya, ka ɗaga kyamarar saitin haske, ka ja hannun naɗin fim, ka danna maɓallin ɗauka. Gwada saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da labulen da ke gaban fim yake buɗewa haske ya shiga: fara daga daƙiƙa ɗaya ka hau har 1/1000 na daƙiƙa. A daƙiƙa ɗaya kunnenka ne alƙali: za ka ji ta buɗe, ta yi 'yar ƙara siririya, ta rufe. Idan ta tsaya tana jan ƙafa, man cikinta ya daskare. Kada ka taɓa labulen da yatsa, dubawa kawai za ka yi ko ya huje ko ya yamutse. Daga nan shafa soson da ke gefen murfin. Idan ya manne maka a yatsa baƙi ƙirin kamar kwalta, ya ruɓe, haske zai riƙa kutsawa yana zana jan layi a hotunanka. Wannan gyara ne mai sauƙi, sai ka nemi ragi a kansa.

Cire gilashin ka haska shi da tocilar waya. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo, ko hazo a ciki. Juya zoben ƙofar haske, wato kafar da haske ke bi a cikin gilashin, ka ga fukafukanta na rufewa da sauri, babu maiƙo a jikinsu. Leƙa ɗakin batir ma, farin gari ko kore-kore alamar batir ya taɓa fashewa ne a ciki.

Idan ma'aunin haske ya mutu kada ka fasa. A tsakar rana mai ƙarfi, sa ƙofar haske a f/16, wato lamba 16 a jikin zoben, saurin kuwa ya yi kusa da lambar fim ɗin: mai 200, ka sa 1/250.

Bayan ka sa fim, ka lura da mariƙin mayar da fim cikin gwangwaninsa, wanda ke hagu. Idan kana naɗi yana juyawa, fim ya kama. Na taɓa yini a kasuwa ina ɗauka, ashe bakin fim ɗin ya suɓuce tun farko, aka wanke babu komai, kuma har yau abin na yi min ciwo. Riƙe ɗan littafi ka rubuta lambobin sauri da na ƙofar haske na kowane hoto. Kada ka bar fim a mota cikin rana, kuma lokacin hunturu kada ka canja gilashi a fili saboda ƙura.

Idan an wanke, ɗaga nagetif ɗin, wato wankakken fim ɗin, a haske. Tazarar hotuna daidai take? Babu jan layi a gefe? To yanzu ne za ka koma wajen Baba, da hotunan a hannunka, ka tambaye shi ko zai sayar.