Yadda Za a Koya wa Yara Rubuta Labarin Yini da Bakin Gizo

Yaran ƙauye ba su rasa labari ba, tun suna goye suke jin tatsuniya. Abin da ke ba su wuya shi ne barin "sai ya tafi" su koma "na tafi". Darasin ke nan: yaro ya ɗauki kansa wani ne daga cikin tatsuniya, dare ya yi, ya zauna yana rubuta abin da ya same shi yau, kamar mai ajiye dayari. Ya fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa shida.

A zaɓi tatsuniyar da kowa ya sani, kamar ta Gizo da hankaki: suka ara masa fuka-fukai ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, haɗama ta sa ya hana su ci, suka karɓe gashinsu suka bar shi a kan bishiya. A ba da ita a minti goma, sannan a raba ta kwana uku a allo: daren da aka ba shi gashi, ranar cin ɓaure, ranar da ya faɗa ruwa.

Kada a taɓa biro tukuna. A fito da yaro ɗaya gaban aji, a ce shi ne Gizo, sauran su yi masa tambayoyi: Me ka gani? Me ka ji a ranka? Me ka ɓoye wa Ƙoƙi? Duk sanda ya ce "ya", aji su tafa sau ɗaya, ya gyara. Wanda bai iya faɗa da baki ba, ba zai iya rubutawa ba.

Sai rubutu. Littafi ɗaya a yanka shi biyu ya ishi yara biyu. A sama a sa rana da lokaci, misali "Alhamis, bayan isha'i, an dawo daga kasuwar Maigatari". 'Yan aji huɗu layi biyar, 'yan aji shida goma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya zuba ƙarshen labari tun a kwanan farko, don shi ya san yadda ta ƙare. Amma Gizo na daren farko bai san zai sha ruwa ba; murna yake, yana lissafin ɓauren da zai ci. A tambayi yaron, "A wannan daren, wa ya gaya maka?" Wasu kuma sukan sa Gizo ya yi wa kansa wa'azi. Gizo ba ya ganin laifinsa, hankaki zai zarga, kuma nan daɗin rubutun yake. Tsamin bakinsa kuwa, a bar kalma ɗaya ko biyu kawai, in ba haka ba rubutun ba zai karantu ba.

Wajen dubawa a kula da raba kalma, don "na" zai yi yawa: "na ci" daban, "naci" daban. Haka lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ.

Mako na gaba a ba rabin aji Ƙoƙi, wadda ke gida ba ta san inda mijinta ya shiga ba, rabi kuma hankaka, a karanta na rana ɗaya a jere.