Yadda ake ba majiyyaci oksijin mai ƙarfin gudu ta hanci lokacin tiyatar maƙogwaro da leza

A tiyatar maƙogwaro likitoci biyu ne ke neman ƙofa ɗaya. Likitan tiyata yana son ya ga igiyoyin murya fili, babu abin da ya tare masa ido, shi kuwa likitan sa barci ta nan ɗin yake zura bututun da majiyyaci zai yi numfashi. A 2015 Anil Patel da Reza Nouraei, likitoci biyu a Landan, suka bayyana wata hanya da suka kira THRIVE. Ana hura oksijin mai ɗumi da danshi ta hanci, har lita 70 a minti ɗaya, majiyyaci yana barci, ba ya numfashi, kuma babu bututu a maƙogwaronsa. Cikin mutum 25 da suka yi wa haka, akwai wanda ya kai minti 65, kuma babu wanda oksijin jininsa ya sauka ƙasa da kashi 90.

Dalilin da ya sa abin ke yiwuwa shi ne jini yana kwashe kusan mililita 250 na oksijin daga huhu a kowane minti, amma kabon dayoksaid ɗin da ke komawa huhun wanda ba ya numfashi ɗan kaɗan ne. Gibin da ya rage sai ya riƙa janyo iskar da ke sama zuwa ƙasa. Muddin hanya a buɗe take, oksijin zai ci gaba da gangarawa.

Sai dai da zarar leza ta shigo, wato hasken nan mai ƙarfi da ake yanka ko ƙona nama da shi, lissafi ya canza. Wuta na bukatar abu uku: abin da zai kunna ta, abin da zai ci, da iskar da za ta rura ta. Leza ita ce ashana, auduga da roba da busasshen nama su ne makamashi, oksijin kuma ga shi yana kwarara kamar an buɗe famfo. Kamfanin Fisher & Paykel, mai ƙera Optiflow, na'urar da ke hura wannan oksijin ta hanci, ya yi gargaɗi kan amfani da ita kusa da leza ko na'urar ƙona jijiyar jini, kuma a 2017 an ba da rahoton tashin wuta a bakin wani majiyyaci da irin wannan na'urar ƙonawa. Don haka aikin na ƙwararru ne, a wurin da ke da rubutacciyar ƙa'ida a kansa.

Mataki na farko: zaɓar majiyyaci

Ba kowa wannan hanya ta dace da shi ba. Mai ƙiba sosai oksijinsa kan faɗi da wuri. Wanda cikinsa ke cike, ko mai fama da dawowar ruwan ciki, babu abin da zai kare huhunsa idan ya yi amai. A bar mai toshewar hanci, da mai karaya a gindin ƙoƙon kai, da wanda iska ta taru a gefen huhunsa. Haka nan mai hawan jinin jijiyoyin huhu da mai matsi a cikin ƙwaƙwalwa, domin taruwar kabon dayoksaid na ƙara musu ciwo. Aikin kansa ya zama gajere, wanda ba a sa ran jini da yawa.

Mataki na biyu: shirya kaya da yin magana

A tabbatar na'urar tana da mahaɗin iska da oksijin, wanda zai ba da damar rage oksijin ba tare da rage gudu ba. Idan oksijin zalla kaɗai take bayarwa, to ba da ita za a yi aikin leza ba. A duba ma'ajiyar oksijin ma: lita 70 a minti na nufin lita 2,100 cikin rabin awa, ƙaramar tukunya ba za ta kai minti 10 ba. A kunna na'urar danshi tun da wuri ta kai digiri 37, domin busasshiyar iska mai wannan gudu tana busar da hanci, tana sa shi zafi.

A ajiye kusa da hannu: sirinji biyu manya cike da ruwan gishiri, jiƙaƙƙiyar auduga, abin rufe fuska na numfashi, da bututun da leza ba ta saurin hudawa. Kowa a ɗakin ya sa tabarau da ya dace da irin lezar, domin na lezar kabon dayoksaid ba zai kare ido daga lezar KTP mai koren haske ba. Kafin a taɓa majiyyaci, a tsaya a faɗa da baki: a kashi nawa na oksijin jini za a dakata, minti nawa ne iyaka, wa zai kashe iska idan wuta ta tashi, wa zai zuba ruwa. Ni a ganina wannan minti biyun ya fi duk wata na'ura da ke ɗakin daraja.

Mataki na uku: cika huhu, sannan barci

A ɗaga kan gado, a sa bututun hanci, a fara da gudu kaɗan kamar lita 30, domin lita 70 farat ɗaya tana firgita mutumin da ke farke. A ce masa ya rufe baki ya ja numfashi ta hanci na wasu mintuna. Maganin barci ta jijiya ake ba shi, galibi furofofol da remifentanil, tunda babu bututun da za a bi a ba da na shaƙa. Iskar naitros kuwa, wadda ake shaƙa don sa barci, ba ta da wuri a nan, ita ma tana rura wuta.

Da barci ya ɗauke shi, a kai gudu lita 70, a sa yatsu bayan muƙamuƙi a turo haɓa gaba, kada a saki sai likitan tiyata ya kafa madubin maƙogwaro. Nan ake yawan yin sake. Na'ura tana ta huci, abin awon oksijin jini na yatsa yana nuna 100, amma harshe ya koma baya ya rufe hanya, oksijin bai isa huhu ba. Kuma idan za a matsa iska da abin rufe fuska, a cire bututun hanci tukuna, kada matsin ya haɗu ya yi wa huhu ko ciki illa.

Mataki na huɗu: lokacin leza

A rufe ido da fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle, a rufe bututun hancin ma. Duk audugar da za ta shiga maƙogwaro a jiƙa ta sharkaf, a riƙa sake jiƙawa, domin iskar nan tana busar da ita da sauri.

Likitan tiyata ya ce, "Ina son leza." Likitan sa barci ya rage oksijin zuwa kashi 30 ko ƙasa, gudu yana nan yadda yake, ya ce, "Dakata." Juya maɓalli ba ya nufin maƙogwaro ya washe nan take, domin huhu cike yake da oksijin kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya ragu. Hanya mafi aminci ita ce a zura siririn bututun awo ta madubin, a karanta adadin a inda lezar za ta sauka, a janye shi. Sai lamba ta sauka sannan ya ce, "Bismillah, kunna." Kafin wannan kalma lezar tana a kulle, ƙafa ba ta kan feda.

Daga nan agogo ya fara gudu. Da kashi 30, abin da ke riƙe da majiyyacin da ba ya numfashi ya ragu ƙwarai, oksijin jininsa zai fara zamewa cikin 'yan mintuna. Idan ya kai iyakar da aka amince, a kulle leza, a cire duk abin da ke hayaƙi, a mayar da oksijin sama har jini ya cika, sannan a sake zagayen daga farko. Haƙuri ake yi, ko sau nawa ne. Kada a taɓa ƙara oksijin a ɓoye don kada a katse wa likitan tiyata aiki. Wasu likitocin sun fi son barin majiyyaci yana numfashi da kansa cikin barci, wanda hakan kan ba shi juriya idan an rage oksijin, sai dai igiyoyin murya za su riƙa motsi.

Mataki na biyar: lura da kabon dayoksaid

Abin awon yatsa ba ya nuna shi. Patel da Nouraei sun ga yana hawa da kusan kPa 0.15 a minti (kPa ma'aunin matsin iska ne), wani bincike a Suwidin a 2017 ya sami 0.24. Ko da wanne aka ɗauka, rabin awa na tara mai yawa, jini ya yi tsami, bugun zuciya ya iya rikicewa. A auna shi ta fata ko ta jinin jijiya. Idan lokaci ya cika aiki bai ƙare ba, a sa bututu a fitar da shi, ko a ƙarasa aikin da bututun da ke jure leza.

Idan wuta ta tashi

Wanda ya fara gani ya ɗaga murya. A tsayar da leza, a kashe iska, a fizge bututun hanci, a ciro duk abin da ke ci, a kwarara ruwan gishiri cikin maƙogwaro, duk a lokaci guda. Bayan wuta ta mutu, a dawo da numfashi da abin rufe fuska, a fara da iskar ɗaki idan zai iya jurewa. Sannan a leƙa hanyar iska da madubi har ƙasa, a kwashe tarkace, a ga girman ƙuna, a yanke shawarar barin bututu a ciki kafin kumburi ya rufe hanya.