Yadda za ka bi sawun Gimbiya Catherine Duleep Singh kana Yamai

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Abdou Moumouni zai iya yin rabin wannan bincike da waya da intanet, muddin ya san cewa macen da ta ɓoye aikinta ba a samun ta a takardunta, sai a takardun wasu.

Fara da kafa ginshiƙai. An haifi Catherine a 1871, ta rasu a 1942 a ƙauyen Penn na Ingila. Mahaifinta Duleep Singh shi ne sarkin Sikh na ƙarshe a Lahor, cikin Indiya ta wancan lokaci, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1849. Ta yi shekaru a Kassel ta Jamus tare da tsohuwar malamarta Lina Schäfer, kuma ta taimaki Yahudawa suka tsere wa 'yan Nazi. Duk labarin da bai zauna kan waɗannan ba, ajiye shi gefe.

Rubutun suna ne ke kayar da yawancin masu nema. Gwada Duleep, Dalip da Dhuleep, sannan Schäfer da Schaefer. Kassel kuwa da C ake rubuta ta kafin 1926, don haka tsofaffin wasiƙu Cassel za su ce.

Daga nan sai rajistar jama'a ta 1939, wadda aka yi ran 29 ga Satumba a Ingila, gida-gida. Nemi gidanta na Penn, ka kwafe sunan duk wanda aka rubuta a ciki, don gano ko akwai waɗanda ta taimaka a cikinsu. Kada ka wahalar da kanka kan ƙidayar 1931, ta ƙone a 1942, a 1941 kuma ba a yi ba. Duk sunan Jamusanci da ka gani, kai shi jerin HO 396 na ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew a Landan, inda aka ajiye katunan Jamusawa da 'yan Ostiriya da aka tantance da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Katin kan nuna adireshi da sana'a. In adireshin ya zo daidai da nata, ka sami shaida ta biyu, wadda ta fi labarin jikokin waɗanda ta taimaka ƙarfi.

Nemi wasiyyarta ma, domin a nan mutum kan ambaci waɗanda ya damu da su. Takardun Ofishin Indiya, ma'aikatar Ingila da ta kula da mulkin Indiya, suna ɗakin karatu na British Library, amma karanta su da hattara: jami'an da ke sa ido kan dangin ne suka rubuta su.

Kassel ce mai wuya. Ruwan bama-baman Oktoba 1943 ya cinye takardun birnin da yawa, abin da ya tsira kuma da tsohon rubutun hannu na Jamusawa yake, wanda manhajar fassara ba ta iya karantawa. Tura hoton shafin ga malamin Jamusanci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa ta da ƙanwarta Sophia, wadda ta yi jinyar sojojin Indiya a Yaƙin Duniya na Farko. Jarida in ta ce "Gimbiya Duleep Singh" kawai, duba shekara da gari kafin ka jingina wa ɗayarsu.