Agogon da Baba ya bari: kurakuran da muke tafkawa wajen gyara shi

Wallahi abin yana min ciwo in na ga an lalata agogon gado da sunan gyara, don ni ma ya faru da ni. Seiko 5 ne Baba Allah ya jiƙan sa ya sayo shekarar da ya sauke farali, da aka raba kaya ya faɗo hannuna, na kai wa wani mai gyara a bakin titi nan Agege na ce ya duba min. Bayan kwana uku na dawo na tarar ya cire fuskar ya sa wata sabuwa mai sheƙi, wai waccan ta yi datti, na ce ina tsohuwar ya ce ya zubar. Fuskar da Baba yake kallo ya san lokacin sallah, shi ke nan ta tafi.

To kuskure na farko ke nan, kai agogo gyara ba tare da ka ɗauki hoton sa ba. Ka ɗauki gaba, baya, gefe, sarƙa, in an buɗe murfin a gaban ka ka ɗauki injin ma. Sannan ka faɗa da bakin ka: kar a canza komai sai an kira ni, duk abin da aka cire kuma a ba ni kayana.

Wani kuma shi ne gaskata sunan da ke rubuce a fuska. Fuska ita ce abin da ya fi sauƙin yi wa jabu, akwai tsofaffin Seiko da Citizen da yawa da aka sake wa fenti a Indiya suka cika kasuwa. Inji shi ne shaida. A Seiko ka juya baya, lambar siriyal tana nan, ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata, 1 zuwa 9 sannan O, N, D na Oktoba, Nuwamba, Disamba. Na Baba ya fara da 8N, wato Nuwamba na shekara mai ƙarewa da 8, ko 1978 ko 1988, sai da Hajiya ta tuna mana shekarar Hajjin sannan gardama ta ƙare. Tsohon Omega lambar sa a jikin inji take, tsohon Rolex kuma sai an cire sarƙa za a gan ta a gefen ƙarfe 6. In lambar da samfurin inji da fuskar ba su dace da zamani ɗaya ba, to an yi haɗe-haɗe.

Sai masu ɗokin ganin ya tashi. Agogo ya shekara ashirin a akwati, mutum ya ɗauko ya yi ta murɗa shi yana girgizawa, ya ɗaura ya shiga gari. Man da ke ciki ya daɗe da bushewa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe kamar ka tada mota babu baƙin mai. Sabis na gaskiya shi ne a kwance injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a sa man agogo, a mayar. Wanda ya tsoma shi a fetur ya ɗiga man keken ɗinki bai yi maka sabis ba. In mai batir ne kuma, fara cire tsohon batirin, don in ya zubar da ruwa yana cinye injin. Kuma kar a riƙa canza kwanan wata in agogon yana nuna tsakanin 9 na dare da 3 na asuba, lokacin haƙoran injin da ke juya kwanan watan suna cikin aiki, ana karya su.

Mu 'yan Legas muna da namu na daban, danshi. Rubutun da ke baya cewa ruwa ba ya shiga, na lokacin da yake sabo ne, robar da ke tare ruwa ta bushe tuntuni. Ka yi alwala da shi ko ruwan sama ya kama ka a Obalende, gobe ka ga raɓa a cikin gilashi, to tsatsa ta fara. Wasu sai su tura shi cikin shinkafa su jira, a'a, ranar za ka kai a buɗe a busar.

Maganar goge jiki kuwa, don Allah a yi haƙuri da ƙarzunan nan. Injin gogewa cin ƙarfe yake, yana kashe kaifin gefuna, masu sayen tsofaffin agogo kuma suna rage kuɗi sosai in sun ga an goge. Gilashin roba shi ana iya goge shi a hankali ya fito tas, wannan ba laifi.

Akwai na lafiya da ba a cika sani ba. Agogunan da aka yi kafin shekarun 1960 da yawa abin da ke haska lambobin su da dare radiyam ne, wani sinadari mai fitar da tururi mai cutar da jiki, ko ya daina haske haɗarin sa yana nan. Kar ka buɗe a gida ka kankare ko ka hure ƙurar, balle a gaban yara.

Na ƙarshe ya shafi haƙƙi. Sau nawa ake ganin agogo rawaya a ce gwal ne, ko a raina shi a ba wani kyauta alhali akwai marayu a cikin magada. Gwal na gaske yana da hatimi, 750 na nufin karat 18, 585 karat 14, yawanci a cikin murfin baya, da yawa kuma ruwan gwal ne kawai aka shafa. Kar a ruga wajen 'yan gwal su auna a sikeli su narka, wani agogon kuɗin sa a haɗe ya fi nauyin gwal ɗin sa. A samu mutum biyu da suka san agogo su yi masa ƙima kafin malam ya zauna rabo.

Nawa dai an yi masa sabis yanzu yana tafiya daidai, har yau ina cigiyar fuska irin ta asali a wajen masu tsofaffin kaya a Idumota.