Yadda Ake Kallon Finafinan Zombi Har a Gane Daɗinsu

Wanda ya faɗa cikin finafinan zombi ba tare da tsari ba yakan ɗauka babu komai a cikinsu sai jini da gawarwaki masu yawo suna cizon jama'a. Idan aka bi su daki-daki, kuma aka san inda za a zuba ido, za a ga cewa mafi kyawunsu labarin rayayyu suke bayarwa, wato yadda mutane ke yi wa juna sa'ad da hukuma ta rushe kuma kowa ya koma ta kansa.

Da farko a fara da asali. White Zombie na 1932, wanda Bela Lugosi ya fito a ciki, an gina shi ne kan camfin ƙasar Haiti cewa boka yana iya tayar da mamaci ya sa shi aikin bauta, shi ya sa ake ganin matattu suna juya injin matse rake ba tare da sun ce uffan ba. Fim ɗin ya tsufa kuma tafiyarsa a hankali take, amma kallo ɗaya ya isa a gane cewa tsoron farko na rasa 'yanci ne, ko da bayan mutuwa.

Daga nan sai Night of the Living Dead na George Romero, wanda ya fito a 1968, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Shi ne ya kafa ƙa'idojin da kusan kowa ke bi har yau: matattu suna cin naman mutane, wanda aka ciza yakan mutu ya tashi ya zama irinsu, kuma ba sa faɗuwa sai an lalata ƙwaƙwalwa. Mutum bakwai ne suka maƙale a wani gidan gona a jihar Pennsylvania. Yayin kallo a rage damuwa da waɗanda ke bubbuga taga, a saurari gardamar biyu daga cikin mutanen gidan, Ben da Harry Cooper, kan ko a ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a tsare sama, domin wannan saɓani ne ya fi matattun yi musu ɓarna. Duane Jones, baƙar fata, shi ne jarumin da ya fito a matsayin Ben, abin da ba a saba gani ba a Amurka ta wancan zamani. Ben ya kwana da ransa, da gari ya waye masu farautar matattu suka harbe shi daga nesa ba tare da sun tambayi ko wane ne ba. Fim ɗin ya fito watanni kaɗan bayan kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, kuma ina ganin duk wanda ya san haka ba zai kalli wannan ƙarshe da sanyin zuciya ba.

Mataki na uku shi ne a lura da wurin da aka tsare mutane, domin wurin yakan ɗauki rabin ma'anar. A Dawn of the Dead na 1978 Romero ya kai mutum huɗu wani katafaren rukunin kantuna, inda matattu ke ta kai-komo tsakanin shaguna kamar yadda suka saba suna da rai, su kuma rayayyun suka mallaki duk kayan duniya amma ƙunci bai bar su ba.

Bayan haka a koma ga finafinan da zombinsu ke gudu maimakon jan ƙafa. A 28 Days Later na Danny Boyle, na 2002, cuta ce ke haukata mutane cikin daƙiƙu, kuma Cillian Murphy ya farka a asibiti ya tarar da birnin Landan babu kowa. A kwatanta fargabar da gudu ke kawowa da wadda jan ƙafa ke kawowa, sannan a duba sojojin da aka je neman mafaka wurinsu, a ga ko sun fi masu cutar tausayi.

Train to Busan na Yeon Sang-ho, daga Koriya ta Kudu a 2016, shi ya dace a ajiye zuwa wannan gaɓa. Uba mai son kansa yana raka 'yarsa a jirgin ƙasa daga Seoul, kuma kowane tarago ya zama gwaji: za a buɗe wa na waje ƙofa ko za a bar shi? A ganina babu fim ɗin da ya kai wannan taɓa zuciya.

Dangane da yanayin kallo, a nemi fim da muryarsa ta asali da rubutacciyar fassara a ƙasa, saboda muryar da ake ɗorawa takan cike wuraren shiru, alhali shirun yana cikin abin da ke tayar da tsikar jiki. Kada a kalla tare da yara, domin akwai zubar da jini mai yawa. Wanda ya kammala waɗannan sai ya nemi Ojuju na C.J. Obasi, na 2014, inda gurɓataccen ruwan sha ya yaɗa cutar a wata unguwar talakawa a Legas.